Ƙanzo

Ƙarfe biyun dare a Sheffield.
Ruwa na tsiyaya a gilashin ofis,
ni da injin ɗumama ɗaki muna gurnani tare.
Na roƙi na'ura ta ara mini wuri,
baiti dubu huɗu da casa'in da shida.
Ta miƙo ba musu, kamar maƙwabciyar kirki,
ba ta ce mini an taɓa cin tuwo a kwanon ba.

Baiti. Shekarar farko kalmar dariya take ba ni.
A gida da shi ake gina waƙa,
nan kuwa ɗigo takwas ne,
kowanne ko i ko a'a.

Gethin ne ya cire layin, makon jiya.
Ya ce don me za mu shafe wuri da sifiri
alhali yanzun nan za mu cika shi?
Wanki sau dubu tamanin a daƙiƙa guda,
ai zuba ruwa ne a rairayi.
Ya nuna mini zane a allo, lokacin jira ya faɗo
kamar kuɗin tumatur ranar da motoci suka cika kasuwa.
Na sa hannu.
Da gaskiyarsa, ai.

Sai ga saƙon yau ya zo guntu,
baiti ɗari uku da sha biyu kacal,
mu kuwa muka miƙa kwanon gaba ɗaya
muka ce ga dubu huɗu, a ci lafiya.
A gindi, ƙarƙashin abin da muka zuba,
rabin adireshin wata mata a Rotherham,
sunan maganin da take sha da dare,
wutsiyar kalmar sirrin wani.
Ƙanzon mutane.
Na'ura ba ta mantuwa, kau da kai kawai take yi.

Ranar da na kama ɗaki a Darnall
na ja aljihun tebur, ya cije, na ƙara ja:
katin asibiti, makulli marar ƙofa,
hoton yaro mai giɓi yana riƙe da kifi.
Mai gida ya ce ɗakin babu kowa.
Babu kowa daban, babu komai daban.
Na karanta katin har ƙarshe,
kuma ba a ba ni ba.

Gwaggo Tasalla tana awon gero a Funtuwa.
Ba ta wanke tiya tsakanin mai saye da mai saye,
wa ke da wannan lokacin ranar kasuwa?
Amma in ka ce rabi, yatsanta na kan rabi,
ba ta taɓa karɓar kuɗin iskar da ke sama ba.

To, ga abin da na rubuta kafin asuba.
Lamba biyu, kowacce da ɗakinta:
ɗaya faɗin kwano,
ɗaya iyakar inda hannuna ya zuba.
A wanke shi sau ɗaya, ranar aro,
a riƙe shi, a yi ta juyi da shi.
Wanda ya zo ɗiba ya tsaya a kan yatsa.
In ya zarce, shirin ya faɗi da ƙara
gara haka da ya yi shiru yana rabon asirin mutane.

Gwaji ɗari biyu da bakwai, duk kore.
Zanen Gethin ya ɗaga da kaurin gashi,
zai gani da safe, zai ɗaga kafaɗa, zai kawo shayi.
Saura wasiƙar da za a aika Rotherham.
Wannan ba ni da lambar da za ta gajarta ta.

Jirgin cikin gari na farko ya wuce fanko,
fitilunsa a kunne, kujerunsa da sauran ɗumin jiya ko babu, oho.
Hoton yaron yana nan a aljihun tebur.
Shekara uku.
Na kasa shafe shi da sifiri,
na dai daina buɗewa.